Kiwon da ake yi a cikin tabki: me ke sa ruwa ya koma kore?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk mai shayar da bisashe a tabki ya san ruwa ba ya zama da launi guda. Da farkon damana ja ne, ko fari kamar kunu, saboda laka. Da kaka laka ta kwanta, ruwa ya washe. In bazara ta kama, wajen watan Afrilu da Mayu, sai ka tarar wani tabkin ya koma kore shar kamar miyar kuka. Yana wari. Saniya ta sa baki ta ɗaga kai. Ga kuma wani tabkin can gaba kaɗan, rana ɗaya ke dukansu, amma ruwansa garau. Me ya raba su?

Wasu za su ce zafi ne. Wasu za su ce kashin shanu ne. Duka gaskiya ne. Amma da sauran magana, kuma makiyayi zai riga kowa gane ta. A cikin ruwa ma ana kiwo. Akwai ciyawa, akwai garken da ke cin ciyawar, akwai kuma kurayen da ke cin garken. Launin da kake gani a tabki labarin wa ya ci wa ne.

Maganar ta shafe mu sosai a jahar Damagaram. Ba mu da babban kogi. Ruwan sama a birnin Damagaram wajen milimita 400 ne a shekara, alhali rana da iska suna iya shanye ruwa mai zurfin mita 2 ko fiye a shekara guda. Dogaronmu tabkuna ne da rijiyoyi. Ga tabkin Gidimuni, fiye da kilomita 60 gabas da birni a kan hanyar Difa, wanda ba ya ƙafewa, da garake kewaye da shi. Ga na Lasuri a ƙasar Damagaram Takaya. Ga tabkunan kwarin Korama wajen Matamai da Magarya. An sa Lasuri cikin jerin wuraren ruwa da duniya ke kula da su, wato jerin Ramsar, a shekarar 2005. An sa Gidimuni a 2019, tare da Madarumfa na jahar Maradi. Dukansu ba su da zurfi sosai. Ƙaramin ruwa kuwa da wuri yake ɗaukar zafi, da wuri kuma yake lalacewa.

Ciyawar da ido ba ya gani

Abin da ke sa ruwa kore shi ne gansakuka. Mun saba da wadda ke kama bakin randa ko dutsen rijiya, da mai zare-zare kamar gashi da ke kwance a gefen tabki. Akwai kuma wata iri mai ƙanƙanta ƙwarai, tana yawo cikin ruwa. Ido ba ya ganin ƙwaya guda, sai da madubin likita. A cikin ɗigon ruwa ɗaya ana iya samun dubbai. Tsiro ce kamar kowane tsiro. Tana son rana, tana son taki. In ta samu biyun, ƙwaya ɗaya tana iya zama biyu cikin kwana guda, biyu su zama huɗu. Ba wata ciyawar tudu da ke da wannan sauri.

Kada kowa ya ɗauka gansakuka abokiyar gaba ce. Ita ce gonar tabki. Duk kifin da ka saya soyayye a kasuwa, in ka bi salsalar namansa, a kanta za ka tsaya. Tabkin da ba shi da ita ko kaɗan ba ya ba da kifi. Matsalar ita ce yawanta, da kuma wace iri ce ta yi rinjaye, don iri-iri ce, kamar yadda ciyawar daji take iri-iri.

Garken tabki

Su wa ke kiwon wannan ciyawa? Na farko wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne, ba su fi ƙwayar gero ba, da yawa ma ba su kai ba. In ka ɗebi ruwan tabki a farin kwano ka sa ido sosai, za ka ga wasu ɗige-ɗige suna tsalle. Masana suna kiransu ƙuman ruwa saboda wannan tsallen. Ba sa cizon mutum. Aikinsu tace ruwa dare da rana, suna haɗiye gansakuka. Su ne tumaki da awakin tabki. In suka yi yawa, kuma manya ne, suna iya washe koren ruwa cikin ƴan kwanaki.

Ƙwansu yana jure fari. In tabki ya ƙafe, ƙwan yana kwance cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo, kamar yadda gaiwa ke kwanciya cikin taɓo ta jira damana. Shi ya sa tabkin da ke ƙafewa kowace shekara yakan fara da garke mai yawa, tun kifi bai shigo ba.

Bayan su akwai katantanwar ruwa da ƴaƴan kwaɗi da tsutsotsin ƙwari. Su suna kankare gansakukar da ta manne a duwatsu da ganyen bado da ciyayin ƙarƙashin ruwa. In ba su, ganye zai rufe da kore ya rasa rana ya mutu. Sai dai a tuna, cikin katantanwar nan akwai mai ɗauke da cutar tsargiya, wato fitsarin jini, da ke damun yaranmu. Gaiwa da wasu kifaye da agwagin daji suna cin ta, suna rage mana ita.

Sai kuma babba a cikin garken, wato karfasa. Za mu dawo kanta, don halinta biyu ne.

To, ga inda ilimin makiyayi yake aiki. Kowa ya ga makiyayar da bisashe suka yi wa yawa. Ciyawa mai daɗi ita ake fara cinyewa. Me ke saura? Garmani da tumfafiya, waɗanda bisa ba ta so. Su sai su samu fili su bazu. Haka yake a ruwa. Ƙuman ruwa suna zaɓe. Suna cin ƙananan ƙwayoyi masu laushi, suna barin masu dunƙulewa da yauƙi, da masu dogon zare da ke shaƙe musu baki, da masu ɗaci. Garmanin tabki ita ce wata iri da ake kira shuɗiyar gansakuka, masana kuma suna ce mata siyanobakteriya. Tana son zafi. Tana son ruwa mai taki da yawa wanda ba ya gudu. Tana da dabarar tasowa saman ruwa ta tare wa sauran rana. Wasu daga cikin irinta suna da dafi.

Kurayen tabki

Ƙuman ruwa suna da maƙiyi, shi ne ƙaramin kifi. Kusan kowane ɗan kifi, ko na wane iri ne, da su yake fara rayuwa. Kuma da ido yake farauta, manya yake fara tsincewa, waɗanda suka fi iya kiwo. In ƙananan kifi suka cika tabki, sai garke ya ƙare, ya rage ƴan ƙanana marasa ƙarfi. Gansakuka ta rasa mai cin ta.

Shi ma ƙaramin kifi yana da nasa maƙiyan. Ga giwan ruwa, ga ragon ruwa, ga babbar tarwaɗa. Daga sama kuma ga zalɓe da kwasakwasa. In waɗannan suna nan, ƙananan kifi ba sa yin yawa, ƙuman ruwa su samu sarari, ruwa ya washe. In an kwashe manyan, ƙanana su cika wuri, ruwa ya koma kore. Abin kamar tsani ne mai hawa huɗu. Ka taɓa na sama, na ƙasa ya motsa.

Wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Hrbacek ya nuna haka a 1961, a ƙananan tabkunan ƙasarsu. Daga baya Turawa suka mai da abin magani. A ƙasar Holan, a shekarun 1980, an riƙa kwashe yawancin kifin wasu korayen tabkuna da taru, ana zuba masu farauta. Tabkuna da dama suka washe.

Mai karatu zai ce to mu ma mu yi haka mana. A nan ne ƙasar zafi ta bambanta da ƙasar sanyi. Can kifi sau ɗaya yake haihuwa a shekara, sanyi ya tsayar da shi. A nan karfasa tana haihuwa sau da yawa muddin ruwa na da ɗumi, uwar kuma tana ɓoye ƙwai da ƴaƴa a bakinta har su yi wayo. Ko yaushe akwai sabbin bakuna a tabki. Shi ya sa ƙuman ruwanmu ƙanana ne, ba su kai na Turai girma ba, ba su kuma kai su cin gansakuka ba. Garkenmu na ruwa dama mai rauni ne. Abu kaɗan ke karya shi.

An ga wannan a tabkin Joj na ƙasar Uganda, mai zurfin mita biyu da rabi kawai, kusan irin namu sai dai faɗi. Masana daga Ingila sun zauna a bakinsa daga 1966 zuwa farkon shekarun 1970 suna awo. Sun tarar ruwan kore ne rani da damana, shuɗiyar gansakuka ce ke mulki, ƙuman ruwa kuwa ƴan ƙanana ne. Amma tabkin cike yake da karfasa. Ɗaya daga cikinsu, Moriarty, ya bayyana dalili a 1973. Tumbin karfasa yana fitar da ruwan tsami mai ƙarfi ƙwarai, wanda ke fasa ƙwayar shuɗiyar gansakuka. Abin da ya gagari sauran, ita tana narkar da shi. Raƙumin tabki ke nan, mai cin ƙaya.

Amma mun ce halinta biyu ne. Babbar karfasa tana cin gansakuka. Ƴaƴanta kuwa ƙuman ruwa suke ci. Kashinta taki ne da ke komawa ruwa nan take. In za ta yi ƙwai kuma, namijin yana tone ƙasan tabki ya yi gurbi, ya tayar da laka. Karfasa manya daidai gwargwado alheri ne. Karfasa ƙanana birjik masifa ce. Masunta sun san irin wannan tabkin: ka jefa birgi ka cika kwando, amma ba wadda ta kai tafin hannu, ga ta kuma da ƙwai a ciki. Cunkoso ne ya tsumburar da su. Alama ce masu farauta sun ƙare.

Kada kuma mu ɗauka duk inda aka zuba kura an gyara. An kai giwan ruwa babban tabkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, wurin da dama ba ta. Zuwa shekarun 1980 ta mamaye shi. Ire-iren ƙananan kifi masu yawan gaske suka ɓace, ciki har da masu cin gansakuka da masu share dattin ƙasa. Ga kuma taki na gangarowa daga gonaki da garuruwa. Ruwa ya ƙara duhu da kore. Saboda haka zuba irin kifi a tabki aikin ma'aikatan ruwa da gandun daji ne, waɗanda suka daɗe suna yi a ƙasar nan da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Su za su duba ko tabkin yana ƙafewa, da wane kifi ke ciki, da nawa zai ɗauka. Mutum ya ɗauko kifi a bokiti daga wani wuri ya juye, wannan caca ce da ruwan gari duka.

Hannunmu a ciki

Mu ne muke karya tsanin nan, yawanci ba da niyya ba.

Babban kifi shi ke da kuɗi, shi kowa ke nema. In an bi shi da taru da mamari shekara duka ba hutu, sai ya ƙare. Daga nan sai a koma taru mai ƙananan ido, har da gidan sauro. Wani zai ce ai kwashe ƙananan kifi taimako ne ga ƙuman ruwa. A'a. Gidan sauro ba ya zaɓe. Yana kwashe ɗan giwan ruwa da ɗan ragon ruwa tare da ɗan karfasa. Karfasa ta mayar da yawanta cikin ƴan watanni, masu farauta kuwa sai sun shekara biyu ko fiye kafin su fara haihuwa. Kullum ita ke cin riba. Ban da haka gidan sauron da ake rabawa a likita yana da maganin ƙwari a jikinsa, an ba da shi ne don kare yara daga zazzaɓi.

Maganin ƙwari shi ne ya fi saurin kashe garken tabki. Mai garka ya gama feshin tumatir ko kabeji, ya je bakin ruwa ya wanke famfonsa. A ganinsa ɗan kaɗan ne. Ƙuman ruwa dangin ƙwari ne, abin da bai isa kashe kifi ba yana gamawa da su. Gansakuka kuwa ko a jikinta. Bayan kwanaki sai a ga ruwa ya rine, ba wanda ya tuna da famfo. Kamun kifi da guba ya fi wannan muni, dokar kamun kifi ta ƙasa kuma ta hana shi.

Sai taki. Da bazara ƙananan tabkuna sun ƙafe, garkuna duka sun taru a kan wanda ya rage. Shanu suna shiga har ciki, suna tsayawa, suna kashi da fitsari. Kofato yana tayar da tsohon takin da ya kwanta cikin laka. Ruwa yana raguwa, taki yana ƙaruwa, kamar miyar da aka bari a wuta. Ƙara da takin zamani da ke gangarowa daga garake, da ruwan wanki. In taki ya kai wani matsayi, ko wane irin garke ne ba zai iya cinye abin da ke tsirowa ba.

Ciyayin ruwa ma suna da aikinsu. Bado da ciyawar ƙarƙashin ruwa su ne maɓoyar ƙuman ruwa da rana, lokacin da ƙananan kifi ke farauta. Suna shan takin da gansakuka za ta sha. Saiwarsu tana riƙe laka. Tabkin da aka tattake ciyayinsa ƙarƙaf yakan koma kore, kuma da wuya ya dawo, don koren ruwan yana hana sabon tsiro samun rana. Kacalla ita ce ta wuce gona da iri. Mutanen Gidimuni sun san yadda take cin fili tana toshe wa masunta hanya. A sare ta a fitar da ita tudu. In aka bar ta ta ruɓe a ruwa, taki aka ƙara.

Ranar da ruwa ya zama dafi

Koren ruwa yana kashe kifi ta hanyar da ba a zato. Da rana gansakuka tana zuba iskar numfashi a ruwa. Da dare ita ma shaƙa take yi. In ta yi yawa, kafin asuba ta shanye iskar. Duk wanda ya ga kifi sun taso sama da sassafe suna buɗe baki, abin da ke faruwa ke nan. Karfasa da giwan ruwa su mutu, tarwaɗa da gaiwa su tsira don suna iya shaƙar iskar waje.

Dafin shuɗiyar gansakuka kuwa bisashe yake kamawa. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da shanu da dawakai da suka mutu bayan sun sha a tabkin Alekzandirina na ƙasar Ostareliya. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a arewacin Botsuwana, gwamnatin ƙasar kuma ta ce wannan dafin ne a wuraren shan ruwansu. Abin da ya kayar da giwa, ina ga ɗan maraƙi? Wani dafin hanta yake ci, wani jijiya. Bisa takan yi rauni, da karkarwa, da dalalar miyau, da zawo. Ido yakan yi rawaya. Wadda ta tsira, fatarta takan saɓule a inda gashi yake fari. Wata kuma a bakin ruwan za a tarar da ita.

Ba kowane koren ruwa ne mai dafi ba. A ƙasar Kanem ta Cadi, matan Kanembu suna kwasar wata irin shuɗiyar gansakuka daga tabkunan kanwa, su shanya ta a kan rairayi, su yi miya da ita. Suna kiranta dihe, abinci ne mai gina jiki. Amma su sun gaji sanin tasu da tabkunan da take fitowa. Kada wani ya gwada da ta tabkin garinsu.

Ga yadda za ka gwada ruwan da kake shakka. Sa sanda cikin koren ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar jiƙaƙƙen gashi, wannan yawanci ba ta da dafi. In ta fito kamar an shafa mata koren fenti, yi hattara. Ko ka cika farar kwalba, ka ajiye a inuwa wuri mai sanyi ta kwana ba a taɓa ba. In koren ya kwanta ƙasa, da sauƙi. In ya taru a wuyan kwalba, shuɗiyar ce. Gwajin nan ba ya faɗin ko akwai dafi, yana dai faɗin ko mai iya yin dafin ce ke nan. Wanke hannu da ruwa mai kyau bayan ka gama.

Iska ce ke tara kumfar a gefe guda. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, sai ta tura ta bakin kudu maso yamma. In bazara ta yi nisa iska ta juya, kumfa ta koma ɗaya gefen. Ka shayar a gefen da iska ke fitowa. Abin da ya fi shi ne a gina ƴar rijiya taku kaɗan daga bakin tabki, ruwa ya biyo ta cikin rairayi ya tace kansa, a ɗebo a zuba a kwami. Bisashe sun sha mai kyau, kashinsu kuma ya tsaya a tudu inda mai garka zai kwashe.

Mata su sani tafasa ruwan nan ba ya kashe dafin. Kada a dafa abinci da shi, kada yara su yi wanka inda kumfa take. Kifin da aka tarar matacce kada a ci. Wanda aka kama da rai, a zubar da kayan cikinsa duka, a wanke shi da ruwan rijiya. Kada kuma kowa ya zuba magani don ya kashe gansakukar, don in ta mutu gaba ɗaya dafin da ke cikinta fita yake ya gauraye ruwa.

Sauran aikin na gari ne. Inda mai gari da sarkin ruwa da ardo da masu garake suka zauna tare, suna iya tsayar da watannin da za a huta da su don kifi ya girma, da faɗin idon tarun da aka yarda da shi, da mashayar bisashe, da gefen da za a bar wa bado. In bisa ta faɗi bayan ta sha a koren ruwa, a janye sauran garken daga tabkin nan take, a sa marar lafiyar a inuwa, a aika wa likitan dabbobi. A riƙe masa kwalbar ruwan daga daidai inda ta sha, a kuma gaya wa makiyayan da ke tafe a baya.